Sarkin Hayaƙi da Kajin Yayarsa

Da gwamnati ta kafa dokar cewa kowace tashar wutar lantarki ta rage kabon ɗin da take fesa wa sama, sai ta haɗa da sharaɗin a naɗa jami'i guda wanda za a riƙa tambaya. Injiniyoyin tashar kwal ta bakin gari duk tsofaffin hannu ne, sun san wanda ake tambaya yau shi ake kamawa gobe. Kowa ya noƙe. Wannan ya ce hawan jini, wancan ya ce ritaya ta ƙarato. Da aka rasa mai karɓa, sai idon manaja ya faɗa kan Auta, wanda a lokacin yake raba ruwan gora a taron.

Auta ba injiniya ba ne. Aikinsa a tashar shi ne kujeru da lasifika da ruwan baƙi, kuma a faɗi gaskiya ya iya, ba a taɓa yin taron da lasifika ta yi kuka a hannunsa ba. Yana da kwat guda da yake ratayewa a bayan ƙofa, da wani buri da ya daɗe yana cin sa, na a wayi gari wani ya jera masa kujera shi ma. Aka ba shi ofis a ƙarƙashin matakala, aka gaya masa riƙon ƙwarya ne. In tashar ta cika ma'aunin gwamnati kafin shekara ta fita, kujerar ta zama tasa har da mota. In ba ta cika ba, ya koma wa kujerunsa na roba. Kafin a tashi aiki leburori sun raɗa masa suna Sarkin Hayaƙi. Ya ji, bai kuma ji haushi ba, don a kunnensa kalmar farko ta fi ta biyu ƙara.

Wadda ta fi kowa murna ita ce Yaya, babbar 'yar'uwarsa, wadda ta raine shi tun rasuwar iyayensu. Da kaji ta raine shi. Tana da dogon ɗakin kiwo a bayan gidanta, rabi bulo rabi waya, kuma daga ɗakin nan kuɗin makarantarsa ya fito, da na kwat ɗin, da na aurensa. Takan ce masa in ya haɗu da kaza a hanya ya rusuna ya gaishe ta, don ta fi kawunnansa duka yi masa rana. Ranar da ya kawo labarin muƙamin, ta yi guɗa har kajin suka firgita.

"Yanzu kai ne za ka hana hayaƙin nan?" in ji ta.

"Ni ne, Yaya."

"To Allah ya ba ka iko, Auta. Wankina ya gaji da komawa ruwa."

Aka tura shi taron bita a babban birni. Sanyin otal ya sa ya sha gyangyaɗi a yawancin darussa, amma Allah ya farkar da shi daidai lokacin da wani masani mai siririn gilashi yake bayanin cewa hayaƙin itace ba ya shiga lissafi. Wai itacen da aka ƙona ya riga ya sha kabon tun yana tsaye, wanda zai tsiro a gurbinsa kuma zai sake shanye wanda ya tashi, don haka an yi canjaras. Wa zai dasa sabon, yaushe zai girma, wannan ba ya cikin darasin ranar. Auta ya ɗaga hannu.

"Ko da hayaƙin baƙi ne wuluk?"

"Ko da ya rufe rana," in ji masanin.

Auta bai sake yin barci ba har aka tashi. Ya dawo gida da wannan magana guda a ƙirjinsa kamar wanda ya tsinci dami a kala, ya wuce kai tsaye wurin babban injiniya, wani mai tumbi da ƙarancin magana, wanda manajoji da yawa suka zo suka same shi suka tafi suka bar shi. Shi ke kula da ƙaton murhun da ake dafa ruwan tururi a kai, wanda ma'aikata suke kira Tukunya.

"Ranka ya daɗe, garin katako za mu riƙa cakuɗawa da kwal."

"A Tukunyar nan?"

"Ita fa."

"Sarkin Hayaƙi, Tukunyar nan ta girme ka. Tun da aka kafa ta kwal take ci. Kai in an canja maka cima rana tsaka, ai cikinka zai yi magana."

"Doka ce, ranka ya daɗe."

"Au, doka ce? To kawo. Ni ba na gardama da doka, tunda ita ma ba ta taɓa zuwa ta ce sai ta riƙe mini shebur ba."

Gwamnati, da yake ba ta yarda da bakin kowa ba, sai ta aiko aka kafa sikelin mota a bakin get, aka haɗa shi da waya har babban birni, aka ɗora masa fitila a kan doguwar sanda. Duk motar da ta shigo da abin ƙonawa wanda ba kwal ba, sikeli ya auna ya tara. Duk abin da ya fita, ya cire. Fitilar ja ce, kuma ja za ta zauna har ranar da abin da aka tara ya kai ma'aunin shekara, sannan ta koma kore. Aka ɗauko wani dogon mutum marar fara'a aka ba shi riƙon sikelin, ya kuwa riƙe shi kamar dukiyar marayu. Bututun hayaƙin kuwa, inda abin yake fita, ba wanda ya ɗora masa komai. Ya yi tsawo da yawa, kuma matakalarsa ta yi tsatsa.

Mai injin katako na bayan kasuwa shi ya fara ganin amfanin dokar. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Garin da yake roƙon mutane su kwashe masa ya wayi gari kayan gwamnati. Da ya ga a kan nauyi ake saye, sai ya lura garin katako yana da ƙishirwa, ya sayo tiyo ya riƙa shayar da shi kafin lodi. Da tafiya ta yi tafiya, ya gane garin ya fi katakon riba, ya koma niƙe lafiyayyun faifai. Kafinta ya zo neman na ƙofa a ce masa sai dai gari. Bishiyoyin bakin hanyar tashar ma suka fara raguwa ɗaya bayan ɗaya, har masu jiran mota suka koma fakewa a inuwar allon da gwamnati ta kafa mai hoton koren ganye.

Tukunya kuwa cikinta ya yi magana kamar yadda aka faɗa. Jiƙaƙƙen gari ya danne wuta, wuta ta kwanta, sai an fesa mata dizal an ƙara mata kwal kafin ta farfaɗo. Hayaƙin ya yi kauri, ya yi wani launi kamar ruwan kwata, mata suka riƙa gudu suna kwashe shanya. Babban injiniya ya yi haƙuri iya haƙurinsa, rannan ya kashe bel ɗin da ke kai garin, ya goge hannu. Auta ya zo a guje, kwat yana tashi a bayansa.

"Ranka ya daɗe, me ya sa ka tsayar? Za ka kashe ni!"

"Zauna ka sha ruwa. Sikelin nan me aka ce ya auna?"

"Abin da ya shigo."

"Ka ji inda aka ce ya auna abin da ya ƙone?"

"Ban ji ba."

"To ka ci gaba da shigowa da shi, ni in ci gaba da ƙona kwal ɗina. A bar kaza cikin gashinta."

Zuciyar Auta ta ɗan yi masa ƙaiƙayi na yini guda, daga nan ta kwanta. Motoci suka ci gaba da shigowa suna juyewa a filin da ke bayan sikeli, garin ya taru ya zama tudu, tudu ya zama tsauni, yana tururi da safe kamar shi ma tasha ce. Kowace safiya kafin ya shiga ofis Auta yakan tsaya ya ɗaga kai ya kalli fitila, ita kuma ta kalle shi da jan idonta.

Abin da bai tsaya ya tuna ba, ko ya tuna ya ture, shi ne cewa kiwon kaji ba abinci da ruwa kaɗai ba ne, akwai shimfiɗa. Garin katako ake zuba musu a ƙasa ya shanye kashi da danshi, in ya jiƙe a kwashe a zuba sabo. Shi kansa da wannan aikin ya girma, ya san nauyin buhun a wuyansa. Shekara da shekaru Yaya a injin bayan kasuwa take ɗiba kyauta, har mai injin yana raka ta da godiya. Wannan karon ko tashi bai yi ba, daga kan sabuwar kujerarsa ya ce, "Hajiya, an saye har wanda ba a yanka ba." Ta nemi ɓuntun shinkafa, ashe motocin Auta sun riga ta can ma. Ta gwada yashi, ta gwada kwalaye da tsofaffin jaridu. Ana cikin haka damina ta sauka. Ƙasan ɗakin ya zama taɓo, warin da ke tashi yana sa ido hawaye, ƙafafun kajin suka kumbura, wasu suka fara wani irin minshari da duk mai kiwo ya san ƙarshensa.

Sai ta ɗauki mayafi ta tafi tashar. Ba ta taɓa zuwa wurin aikinsa ba, don ba ta son a ce ta zo cin arzikin ƙane. Ko da ta shigo get ta ga tsaunin, sai ta tsaya ta riƙe baki. Auta ya tarbe ta da rawar jiki, ya ba ta kujerarsa, ya buɗe mata ruwan gora da hannunsa, abin da ya fi ƙwarewa a kai.

"Auta, duk wancan naka ne?"

"Na gwamnati ne, Yaya. Ni dai nake kula."

"To alhamdu lillahi, ashe a gida yake. Buhu kaɗan nake so, wanda zai kai ni ƙarshen ruwa. Kajin nan a cikin kashinsu suke kwana."

Ya gyara zaman kwat. Ya yi mata bayanin sikeli da fitila, da yadda duk buhun da ya fita get sai an cire shi daga lissafi, ya koma kabon nan take. Ta saurare shi har ya gama, kamar yadda take sauraronsa yana yaro in ya zo da labarin yadda aka yi littafinsa ya ɓata.

"Kuna ƙonawa ne?"

"E to, a yanzu dai an ɗan dakata."

"To me yake yi a can?"

"Yana rage kabon."

"A zaune?"

"A zaune."

"Ikon Allah. To tunda a zaune yake aikin, in ya zauna a ƙarƙashin kajina ba zai rage ba?"

"Ba zai rage ba, Yaya. Ɗakin kajinki ba ya cikin get."

Ta dube shi ta daɗe. Ya rantse mata ranar da fitila ta yi kore shi da kansa zai jagoranci tifa har ƙofar gidanta, a juye mata sai ta ce ya isa.

"Yaushe za ta yi koren?"

"Kafin shekara ta fita, in Allah ya yarda."

"Kaza ba ta san shekara ba, Auta, ƙafarta ta sani."

Ta ajiye masa ƙwan da ta riƙo a leda, don ba ta iya zuwa wurinsa hannu rabbana, ta fita. Kunya ta kama shi sosai. Yana son yayarsa, wannan ba ƙarya ba ne, kuma kada kowa ya ce ba shi da zuciya. Washegari ya ari motar wani abokin aiki, ya sa aka cika masa but ɗin motar da buhunan garin katako, ya nufi get yana kallon gaba kamar ba shi ba. Motar na hawa sikeli, dogon mutumin ya fito daga rumfarsa.

"Sarkin Hayaƙi, ka fi nauyin da ka shigo da shi."

"Ɗan kaya ne."

"Na ga kayan. Ni ban hana ka ba, kai ne shugaba. Amma in ka wuce zan cire."

"Ko ɗan wannan?"

"Ko cokali ne. Amana aka ba ni."

Ba wanda ya tare shi. Get a buɗe yake, hanya ga ta nan shimfiɗe har gidan Yaya. Ya leƙa ta taga ya kalli jar fitila, ya tuna kujerun roba, yadda ake ɗora su goma-goma a ka, da yadda waɗanda yanzu suke ce masa yallaɓai za su koma kiransa da tafi. Tsoro ya fi kunya ƙarfi. Ya sa ribas, ya mayar da buhunan inda ya ɗebo su, ya gaya wa kansa ai saura kaɗan.

Daga ranar ya canja hanyar komawa gida. In wayarsa ta yi ƙara ya ga Yaya ce, sai ya kife ta ya ce yana taro, ko da shi kaɗai ne a ƙarƙashin matakala. A bakin matarsa yake jin labari: yau an fitar da kaza kaza, jiya an haƙa rami a bayan gida, masu sarin ƙwai sun koma wani wuri. Ya sayi magani mai tsada a kantin dabbobi ya aika. Aka dawo masa da shi ko buɗewa ba a yi ba, da saƙon cewa ba magani suke nema ba, busasshen wuri suke nema.

Ruwa ya ɗauke, shekara ta zo gangara, fitila tana nan ja. Garin katako kuma ya ƙare a garin kaf, don mai injin ya niƙe duk abin da yake niƙuwa, har ya fara kallon rumfar kansa. Aka aiko cewa darakta zai zo daga ma'aikatar muhalli a ranar ƙarshe, da takardar yabo da ta tabbatar da muƙami a cikin jakarsa, in fitila ta yarda.

Auta ya bi gari da babbar mota kamar mai kwasar ganima. Karyayyun bencina na makaranta, tsofaffin ƙofofi, akwatunan tumatir, turmin da ya tsage, duk ya loda. Da safiyar ranar ya kwance gadonsu na aure da kabad, matarsa na tsaye a tsakar gida da hannu a ƙugu tana tambayarsa ko ita ma ta hau motar, tunda ba kwal ba ce. Aka auna duka. Mai sikeli ya duba, ya sake dubawa.

"Saura ƙiris."

"Ƙiris nawa?"

"Ƙiris dai. Amma ja ja ne."

Aka kafa rumfa a gaban get. Wani sabon ma'aikaci ne ya jera kujerun, ya jera su a karkace, kuma lasifika sai kuka take. A sahun gaba, kusa da ta darakta, an ajiye wata mai laushi da hannuwa, wadda Auta ya san tasa ce in Allah ya so. Bai zauna ba. Darakta ya iso, mutum mai ƙamshi da lallausan hannu, ya yi jawabi a kan jikokinmu da iskar da za su shaƙa, bututun yana aman hayaƙi a bayansa, masu hoto suna ta neman kusurwar da ba zai fito ba. Da ya gama ya kalli fitila, ya kalli agogo, ya ce da manaja a hankali, amma yadda Auta zai ji, "In ba ta canja ba kafin mu sha ruwa, sai mu kama hanya. Akwai wata tashar a gaba."

Warin ne ya fara isowa. Mutanen sahun baya suka soma waige-waige suna toshe hanci, sannan wata tsohuwar a-kori-kura ta kunno kai tana tangaɗi, an rufe bayanta da buhuna, ƙudaje na biye da ita. Yaya ce a gaba kusa da direba, da zanen da take shiga ɗakin kaji da shi, da takalmin roba. Ba taimako ta kawo ba. Da asuba ta buɗe ɗakin ta tarar cutar ta gama da ragowar, ta sa aka kankare ƙasan har siminti, aka loda taɓon da gawarwakin gaba ɗaya, ta ce a kai wa ƙanenta ya gani da idonsa, tunda wayarsa ba ta ji.

Duk motar da za ta shiga tashar sai ta bi ta kan sikeli, don haka direba ya hau ya tsaya. Yaya ta sauko, ta yaye buhun da ke sama. Mutanen rumfa suka miƙe suna leƙe. Mai sikeli ya fito da hanci a cikin riga.

"Hajiya, kwal ne?"

"Ka ga ya yi kama da kwal?"

"To ban san inda zan sa shi ba." Ya juya ya kalli manya.

Darakta ya matso da hankici a fuska, ya leƙa, ya ja da baya, sai kuma idonsa ya yi haske. "Ai wannan makamashi ne mai tsafta!" in ji shi. "Kashin kaji, da duk abin da ya taɓa rai, ƙasashen da suka ci gaba da shi suke kunna fitilunsu. Ka tara shi, malam, yana cikin tsari." Ya juya ga masu hoto, muryarsa ta koma ta jawabi. "Kun ga abin da muke faɗa? Talaka da kansa ya fahimci manufar gwamnati. Baiwar Allah ta ɗauko abin da take da shi ta kawo, ba wanda ya tilasta ta. Hajiya, Allah ya yi miki albarka."

Yaya ba ta ko kalle shi ba. Ƙanenta take kallo.

Auta ya taho wurinta. Ya ga fararen fuka-fukai cikin baƙin taɓo, da kumburarrun ƙafafu a sama, ya ga hannuwan yayarsa duk sun tsattsage. Baƙin ciki na gaske ya taso masa. Ya buɗe baki zai ce Yaya, zai ce ki yafe ni, zai ce duk abin da ya kamata ya faɗa tun damina. Daidai nan sikeli ya yi 'yar ƙara a cikin rumfar dogon mutumin, irin wadda yakan yi in ya tara kaya, kuma kafin Auta ya san abin da yake yi, wuyansa ya ɗaga kansa sama, wajen fitila.

Kore ce shar.

Rumfa ta kaure da tafi. Manaja ya rungume darakta, leburori suna ihun Sarkin Hayaƙi ya ci gari, babban injiniya ya tafa sau biyu ya koma ga Tukunyarsa. Murmushi ya kuɓuce wa Auta. Bai daɗe ba, ya yi maza ya kama shi ya haɗiye, amma da ya sauke kai ya tarar idon Yaya yana kansa tun ɗazu, kuma ta ga fitowar murmushin ta ga komawarsa.

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta gyara mayafinta, ta ɗan rusuna kamar yadda ake yi wa manya a ofis.

"Yallaɓai, a ina za a juye?"

Tun da uwarsu ta haife shi bai taɓa jin wani suna a bakin Yaya ba sai Auta. Ya so ƙasa ta tsage ya shige. Amma darakta na jira da takarda a hannu, masu hoto sun saita, motar kuma ta tare hanya tana wari, dole a ce wani abu. Ya ɗaga hannu ya nuna tsaunin garin katako.

Yaya ta kalli inda ya nuna, ta gyaɗa kai, ta koma ta buɗe ƙofar mota.

"Ja mu je can," ta ce da direba. "Ka nemi inda ya bushe, ka sauke su a hankali. Sun daɗe suna jira."